Shekarar da Nkechi Ta Naɗa Rawanin Kakana

Ranar Asabar ta farko a watan Yunin shekarar 2010, ana idar da sallar la'asar, Baban Nkechi ya rungumo talabijin ɗinsa daga ɗaki ya ɗora a kan teburin da yake gyaran rediyo, a barandar gidansu da ke manne da namu a Ƙauran Namoda. An yi ruwa da safe, gari ya yi luf, ƙasa sai ƙamshi take. Ni kuwa dawowarmu ke nan daga gona, inda na wuni ina bin mahaifina a baya, yana sara da sungumi, ina jefa irin gero ina rufewa da diddige. Ko ƙafa ban gama wankewa ba Nkechi ta leƙo ta kan katanga ta ce in yi maza, yau za a fara wasan kwaikwayon da ake ta talla, na yadda aka karɓi mulkin kai. Da na isa yaran unguwa sun cika tabarmi biyu, wasu mata uku sun tsaya daga bakin ƙofa da goyo. Baban Nkechi ya ja janareta sau huɗu kafin ya tashi, ya koma yana juya gorar eriya yana tambaya ko hoto ya fito, muna amsa masa baki ɗaya. Can sai hoton ya washe, aka ji kiɗa, ga wani dogon teburi, ga maza uku zaune nesa da juna, kowa ya ɗaure fuska. Shekarata goma sha ɗaya a lokacin, kuma ban taɓa sanin cewa mutanen da nake gani a jikin takardun kuɗi sun taɓa yin faɗa da juna ba.

Gidanmu babban gida ne mai sassa huɗu, da rijiya a tsakiya da bishiyar dogon yaro a bakin zaure. Mai gidan shi ne kakana na wajen uba, wanda kowa ke kira Baba Tela. Ya daɗe da barin ɗinki saboda idonsa ya yi rauni, amma kekensa na nan a zaure lulluɓe da tsohon zane, kuma ba mai taɓa shi. Su Nkechi kuwa kakanta ne ya zo daga Gabas tun zamanin da jirgin ƙasa ke zuwa Ƙaura ɗaukar gyaɗa da auduga. A nan aka haifi mahaifinta, a nan aka haife ta, kuma in kana bayan katanga kana jin Hausarsu ba za ka raba su da mutanen Birnin Tsaba ba. Ajinmu ɗaya da ita, bencinmu ɗaya. Tare muke zuwa famfon unguwa idan rijiya ta ja baya, tare muke tsinko tafasa da rama a bayan makaranta, ita ke yi mini kitso don hannunta ya fi na yayyena laushi. Ran Lahadi in ta tafi coci nakan ajiye mata kasonta na ɗanwake, ita kuma takan zauna a kan dakalin Islamiyyarmu tana wasa da 'yan duwatsu har a tashe mu. A carafke ba wadda ke kayar da ita a duk unguwar, abin da ya daɗe yana ci mini rai ban faɗa wa kowa ba.

Tun daga wannan Asabar ɗin makonmu ya koma jiran ƙarfe biyar na yamma. Innata ta gane haka, sai ta riƙa tara mini aiki a ranar, ta san zan yi shi da gudu: surfe, tankaɗe, wanke tukwane, yanko wa tumaki ciyawa, kai wa masu noman firi fura a gonarmu ta hanyar Kuryar Madaro. Ina gamawa zan ɗauki buzun Baba Tela in yi gaba, shi yana biye da sandarsa, don shi ma bai yarda wasan ya wuce shi. Yawancin maganar da Turanci ake yi, saboda haka Baban Nkechi kan tsaya a gefen akwatin yana fassara mana, wani lokaci har da kwaikwayon muryar mai magana. Mu yara ba ma wahalar da kanmu da sunaye, sai dai mu ce na Arewa, na Gabas, na Yamma. Na Arewa dogo ne mai rawani, ba ya ɗaga murya, in ya yi shiru kowa sai ya kama kansa. Na Gabas ɗan jarida ne mai zaƙin baki, yana magana yana wasa da hannu. Na Yamma kuwa lauya ne mai gilashi, kullum da takarda a hannunsa. Dukkansu suna so Bature ya tafi, amma ba su yarda da juna a kan yaushe zai tafi ba, ko wa zai riƙe ragamar bayansa. Baba Tela kuwa ba ya shiga surutunmu. In an nuna wani abu sai dai ya yi gyaran murya, ko ya ce a hankali, "Ba haka anka yi ba, amma sun kusa."

Kafin wata ɗaya wasan ya bi mu har makaranta. Da an kaɗa ƙararrawar tara, maza kan raba kansu a langa, waɗannan Arewa waɗancan Kudu, kuma wanda duk aka tura Kudu sai ya yi ta ƙunƙuni. Mu mata muka ɗauka a 'yar gala-gala. Da farko raha ce. Nkechi da wasu yara huɗu ko biyar da iyayensu suka zo daga Kudu ko daga Filato sukan yi dariya su shiga. Amma a hankali dariyar ta soma raguwa, don an fara kiransu da sunan ɓangare maimakon sunan da iyayensu suka raɗa musu.

Ana cikin haka aka nuna kashin da ya ɓata komai. Wakilan Arewa sun je majalisa a Ikko sun ce ba su shirya karɓar mulki a lokacin da sauran ke so ba, da suka fito taron jama'a ya bi su da ihu da baƙar magana. Na ga fuskar na Arewa a cikin mota, sai na ji kamar mahaifina aka wulaƙanta. Baban Nkechi ya ƙi fassara abin da taron ke cewa, ya ce maganar 'yan tasha ce, ba ta yara ba. Wannan ya ƙara tunzura mu, muka ce ɓoyewa yake don mutanensu ne. Ran Litinin a filin makaranta Nkechi ta cinye ni a gala-gala sau uku a jere, ta yi 'yar rawarta da ta saba. Ban san lokacin da bakina ya buɗe ba. Na ce mata su dama sun saba raina mutane, kakanninsu ne suka yi wa namu ihu, in sun fi ƙarfin zama da mu su koma garinsu mana. Yaran da ke wurin suka yi shewa. Nkechi ta tsaya da ƙafa ɗaya a cikin zanen, ta sauke ɗayar, ta dube ni.

"Ina ne garinmu, Luba?" ta ce. "Nan anka yanke mini cibi."

Ta sunkuya ta ɗauki ɗan dutsenta ta koma aji. Da na shiga na tarar ta kwashe littattafanta ta koma bencin baya.

Aka yi hutun ƙarshen shekara ba mu yi magana ba. Aka yi maimai, gero ya yi kai, aka fara korar tsuntsaye, ni kaɗai nake kaɗa gwangwanina a kan rumfar gona. Kitsona ya tsufa har Inna ta kama ni da kanta ta yi mini wani mai zafi. Na daina zuwa kallo. In Baba Tela ya ce in ɗauko buzu sai in ce Inna ta sa ni aiki, shi kuma ya saɓa abinsa a kafaɗa ya tafi. Da azumi ya kama sai na sami hujja mai kyau, don ƙarfe biyar lokacin dama kunu ne da suyar ƙosai. Ina jiƙa tsamiya ina jin kiɗan wasan ta kan katanga, in yi kamar ban ji ba. Abin da ya fi damuna shi ne Maman Nkechi ba ta fasa aiko wa Baba Tela lemo da ayaba na buɗa baki ba, sai dai yanzu da kanta take kawowa. Wata safiya ina shara a zaure Baba Tela ya tambaye ni abin da ya haɗa ni da ɗiyar maƙwabta. Na so in yi kwana, ya ce shi idonsa ne ya tafi, kunnensa na nan. Na faɗa masa duka, ina jiran faɗa. Bai yi ba. Ya ce in gama sharata, surukinsa na nan tafe bayan Sallah.

Surukin nasa shi ne kakana na wajen uwa, muna ce masa Baba Zurmi. Ƙaton mutum ne mai faɗin murya, manomi kuma mai fataucin shanu, ba ya fashin kasuwar Shinkafi ran Alhamis, kuma ban taɓa ganin kansa ba rawani ba. Duk bayan ƙaramar Sallah yakan zo Ƙaura ya kwana uku, da zabi a ɗaure da ƙwaryar man shanu. In ya zo, shi da Baba Tela akushi ɗaya suke ci, tabarma ɗaya suke zama, suna tsokanar juna a kan wanda ya fi tsufa. Ni a sanina tun suna samari aminai ne.

Asabar ɗin da ta biyo bayan Sallah, Baba Tela ya kira ni a gaban baƙonsa ya ce in ɗauki buzu biyu. Ba halin in ce ina da aiki. Na shimfiɗa musu a gaba na koma can ƙarshen tabarma na zauna, Nkechi na ɗaya ƙarshen da sabon kitsonta, ko inda nake ba ta duba ba. Kashin ranar na yaƙin neman zaɓe ne. Aka nuna wani ɗan siririn malami cikin farar riga marar aiki, a tsaye a kan benci yana yi wa talakawa jawabi. Shi ne jagoran jam'iyyar adawa a nan Arewa, wanda mu yara ba mu taɓa sa shi a lissafi ba. Sai na ga Baba Tela ya miƙe zaune ya matsa gaba kamar zai shiga akwatin. Baba Zurmi kuwa ya ja tsaki mai tsawo, ya ce ga masu raba kan jama'a nan sun iso.

Daga nan ba wanda ya ƙara jin talabijin. Baba Zurmi ya ce ba don mai rawani ya ja birki ba, da an karɓi mulki Arewa ba ta da akawu ba ta da likita, kuma shi ne ya gina makarantu ya tura 'ya'yan mutane karatu. Baba Tela ya ce ya ji, amma wa ke noma gandun masu sarauta kyauta, wa ake ɗaurewa a rana saboda haraji, kuma wa ya fara koya wa talaka cewa yana da bakin magana? Baban Nkechi ya rage murya ya shigo, ya ce su yi haƙuri, amma ba don na Gabas ya hana Bature barci da jaridunsa ba, da har yau ana nan ana shawara. Wata Bayarabiya mai sayar da atamfa ta ce daga bakin ƙofa, duk surutu ne, nasu ne ya sa yara makaranta kyauta. Baba Zurmi ya juya zai kama Baban Nkechi, sai Baba Tela ya tare masa, ya ce a wancan zamani jam'iyyarsu da ta na Gabas tafiya ɗaya suka yi, shi da hannunsa ya ɗinka tutocinsu. Na saki baki. Ashe kakana, wanda nake ta fushi a madadinsa, bai taɓa jefa wa na Arewa ƙuri'a ba.

Gardama ta yi zafi har jijiyar wuyan Baba Zurmi ta tashi. Sai Baba Tela ya cire hularsa ya sunkuyar da kai, ya nuna wani dogon tabo a gefen goshinsa. Duk jikokinsa mun san tabon, kuma mun san labarin da ya ba mu, cewa jaki ne ya harbe shi yana saurayi.

"Kun tuna jakin da nac ce muku?" ya ce, ya nuna surukinsa da haɓa. "To ga shi nan zaune da rawani."

Baranda ta ɗauki dariya, har matan bakin ƙofa suna riƙe ciki. Baba Zurmi bai ji kunya ba ko kaɗan. Ya gyara zama ya ce, "Da na san ɗiyata za ka zo nema ma ɗanka, da na ƙara maka guda."

Su biyun suka ba da labarin, wannan na gyara wa wancan. Ana gab da zaɓen da ya kawo mulkin kai, ran wata kasuwar Shinkafi, Baba Tela ya hau kan ganga yana karanta takardar jam'iyyarsu. Samarin jam'iyya mai mulki suka zo su sauke shi, Baba Zurmi na gaba da gora. Aka fasa kai, kuma wanda aka fasa wa kan shi aka kai gidan yari wata uku. Shekara da shekaru in sun haɗu a kasuwa kowa kan kau da kai. Amma ranar da labari ya zo cewa sojoji sun kashe na Arewa, Baba Tela ya rufe shagonsa kwana uku, ya ce bai taɓa son siyasar mutumin ba, amma ya san bai tara wa kansa komai ba. Baba Zurmi ya ji labarin rufe shagon, ya riƙe a ransa. Da malamin talakawa ya rasu bayan shekaru masu yawa, sai ya hau mota daga Zurmi ya zo har zauren Baba Tela ya yi masa gaisuwa, kamar wanda ɗan'uwansa ya mutu. Daga wannan gaisuwar zumunci ya ƙullu, har mahaifina ya je Zurmi kai saƙo ya ga Innata. Baban Nkechi ya tambaye su ko yanzu sun yarda da juna. Suka haɗa baki suka ce ko kusa.

Da muka koma gida gab da magariba, Baba Tela ya tsayar da ni a zaure, Baba Zurmi ya wuce alwala. Ya ce akwai abin da bai faɗa a can ba, don ba na taro ba ne. A shekarar da ƙasa ta rikice aka shiga farautar mutanen Gabas, shi ya raka kakan Nkechi da iyalinsa tasha ya sa su a jirgi, Baban Nkechi na ɗan ƙaramin yaro a kafaɗarsa. Ya dafa bangon da ya raba gidajenmu.

"Wanga gida ni na aje makullinshi shekara huɗu, har sunka dawo," ya ce. "Ban aje shi don wata ta tashi cikin gidana ta ce ma jikanyarshi ta koma garinsu ba."

Daga nan ya shiga masallaci. Da ya zage ni ko ya sa an doke ni, da abin ya fi mini sauƙi.

Washegari na jira har suka dawo daga coci. Na ƙulla cincin da dubulan na Sallah a leda na shiga gidansu, na tarar da Nkechi tana wanke wake. Na miƙa mata, ba ta karɓa ba. Na ce Baba Tela ya ba ni labarin kakanta, ta ce ita ta daɗe da sani. Na tsaya ina murza gefen hijabina, ita kuma ta ci gaba da aikinta, ta bar ni a tsaye har sai da na buɗe baki na ce na yi kuskure, ta yafe mini. Ta ce a gaban mutane na faɗa, a gaban mutane zan janye. Haka kuwa aka yi. Ranar da aka koma makaranta, a filin nan dai, na tara waɗanda suka yi shewa na faɗa da bakina. Wasu suka yi mini dariya. Amma da aka shiga aji na ga jakar Nkechi a kan bencinmu.

A makon ne malamar ajinmu, Malama Hajara, ta ce 'yan aji shida za su yi wasan kwaikwayo ranar ɗaya ga Oktoba, don ƙasa ta cika shekara hamsin. Da ta tambayi mai son fitowa a na Arewa, hannu ya tashi kamar dawa a gona. Da ta zo kan na Gabas ba wanda ya motsa, sai ta dubi Nkechi, ta ɗauka magana ta ƙare. Nkechi ta miƙe ta ce ita na Arewa take so, don ta fi kowa iya tafiyarsa da shirunsa, in ana musu a gwada. Maza suka yi ca, wai mace, kuma ba ma Bahaushiya ba. Malama ta ce a gwada ɗin. Ɗaya bayan ɗaya suka fito suna kumbura kamar zakaru, aji na dariya. Da Nkechi ta taso a hankali, ta zauna, ta dubi ajin ta yi shiru, sai kowa ya yi tsit. Malama ta ce an gama, saura na Gabas. Na ɗaga hannu.

Kwana goma muka yi muna shiri. Baban Nkechi ya rubuta mini jawabi da Turanci ya koya mini inda zan ja numfashi da inda zan buga teburi. Baba Tela ya yaye zanen da ke kan kekensa, abin da ban taɓa gani ba, ya sa ni zura masa zare, ya rage tsohuwar babbar rigarsa yana lalube da yatsa har ta yi daidai da Nkechi. Rawani ne ya gagara, don ba mai shi a gidanmu. Inna ta aika Zurmi a ba mu aro. Maimakon rawani, sai ga mai rawanin da kansa ran Alhamis da yamma, ya biyo motar 'yan kasuwar Shinkafi, ya ce ba a aika rawani a leda kamar goro. Da safe ya zaunar da Nkechi a kan kujera 'yar tsugunne a tsakar gidanmu, ya kifa mata hula a kan kitsonta, ya naɗa mata farin rawaninsa da hannunsa, zagaye bayan zagaye. Da ya gama ya ja baya ya duba, ya ce, "Ɗaga kanki, ɗiyata. Mai wanga rawani bai tahiya kai ƙasa."

Filin makaranta ya cika a ranar, iyaye a kan bencina, yara da tutocin takarda kore da fari. Na fito da jar hula da sandar Baban Nkechi, wani ɗan ajinmu ya fito a na Yamma da gilashin waya da tulin takardu. Na buga teburi na ce yanzu muke so, ba gobe ba, har hulata ta faɗi. Nkechi ta bar ni na gama, ta yi shirun nan nata, sannan ta amsa da Hausar Zamfara tsantsa cewa su ma suna so, amma ba za su shiga ɗaki a bar mutanensu a waje ba. Wurin ya kaure da tafi, mutane na tambayar juna ɗiyar wa ce. Muna gab da ƙarewa Baba Tela ya ɗaga sandarsa daga cikin taro ya tambaya ina nasu mutumin, ko talaka bai je karɓar mulkin ba. Hedimasta ya yi dariya ya ce a ba dattijo minti biyu. Ya yi fiye da goma, Baba Zurmi na gefe yana ƙaryata shi a bayyane. Daga ƙarshe muka riƙe igiya mu uku muka ja tuta sama, aka yi taken ƙasa. Na hango kakannina biyu da Baban Nkechi a tsaye a jere, Baba Tela ya dafa kafaɗar surukinsa saboda ciwon ƙafa. Ban taɓa jin girman gidanmu da garinmu kamar a wannan safiyar ba. Da Nkechi ta zo mayar da rawani, Baba Zurmi ya ce wanda aka naɗa ba a kwance masa, ta tafi da shi.

Baba Tela ya rasu bayan shekara biyu. Baba Zurmi ya daɗe bayansa, amma da nasa lokacin ya zo ba mu sami zuwa jana'iza ba, don a makon 'yan bindiga sun tare hanya, sai bayan kwana tara muka bi ayarin motoci muka je gaisuwa. Gonarmu ta wajen Kuryar Madaro ta koma saura, ba mai kai fura can yanzu, kuma kafin mutum ya nufi Shinkafi ko Zurmi sai ya buga waya ya tambayi lafiyar hanya. Baban Nkechi yana nan Ƙaura, ya koma gyaran wayar hannu, 'yan'uwansa sun yi sun yi ya taso ya ƙi. Nkechi ma'aikaciyar jinya ce a wani babban gari, in ta kira ni abokan aikinta kan tambaye ta inda ta samo wannan Hausar. Ni kuma ina koyar da 'yan aji biyar. Wani lokaci nakan ji ɗalibaina suna maimaita zagin da suka tsinta a wayoyin iyayensu, na wannan yanki a kan wancan, zagin mutanen da ba su taɓa haɗa ido da wanda suke zagi ba. Sai in ajiye alli in ba su labarin wasu tsofaffi biyu da suka mutu kowa na kan ra'ayinsa, kuma kowa na jin yunwa in ɗayan bai zo cin tuwo ba. Yaran kan yi dariya su ce tatsuniya ce. Ni na san ba tatsuniya ba ce, a hannunsu na tashi.